Kalmar da Altine Ta Kai Yelwa

Mutanen Gungun Ƙirya Gungawa ne, mazauna wani tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, tafiyar hantsi a jirgin ruwa daga Yelwa. Da damina sukan noma gero da dawa. In ruwan sama ya ɗauke sai su koma bayan tsibirin, inda gaɓa ta kwanta, su dasa albasa, su yi ta ɗibar ruwa da ƙwarya suna watsa mata har ta ƙosa. Suna da kifi, suna da awaki, ba su san kwana da yunwa ba. Abin da ba su da shi shi ne gishiri da kananzir sai sun haye Yelwa, ba su da ɗakin magani, ba su da mai jin Turanci ko guda. Babban abin da suka rasa kuwa shi ne yarda da baƙo.

Ba banza suka rasa ta ba. Tun zamanin kakanninsu, duk wanda ya sauka a mashigin garin da takalmi a ƙafarsa ɗauka ta kawo shi, ko hatsi, ko samari don aikin tilas, ko ƙarin haraji. Saboda haka suka yi wa kansu wata al'ada da suke kira rufe tukunya. Wata tsohuwa mai suna Kulu takan yini a gindin ƙiryar da ke mashigi da turmi a gabanta. Da ta hango jirgin da ba ta san tuƙinsa ba, sai ta kama dakan turmin ba komai a ciki. Ƙarar turmin da ba hatsi daban take, kowa ya san ta. Nan da nan za a tsallaka da awaki wani tudun yashi, mata su cire duwatsun wuya su ɗaura tsumma, a ja ƙaya a toshe hanyar lambuna a ce wurin tsafi ne, baƙo ba ya takawa. Har wani rumbu suke da shi a tsakar gari wanda ba a taɓa zuba masa hatsin kirki, shi ake buɗe wa mai son leƙawa. Albasarsu ma in sun kai kasuwa, kowa cewa yake sautu ne aka ba shi daga wani gungun, wato wani tsibirin.

Da aka aiko cewa lalle kowane gari ya ba da yaro makaranta, sai suka duba wanda rashinsa ba zai rage aikin gona ba. Suka ba da Altine, 'yar Hajara. Uban Altine ya rasu, kuma wansa Dogo shi ne maigari, shi ya yanke maganar. Altine ta zauna a Yelwa wurin wata mai sayar da bandar kifi, ba ta zuwa gida sai da hutu.

Shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai labari ya zo cewa ana gina madatsar ruwa a Kainji, kuma in an gama, kogi zai kumbura ya haɗiye tsibirai. Da farko an yi dariya. Daga baya masunta suka fara ba da labarin abin da suka gani da idonsu, dariya ta ɗauke.

Altine tana gida hutun ƙarshen shekara, albasa ta yi kore shar a bayan gari, sai turmin Kulu ya yi kuka. Jirgi mai inji ne. Ya sauke wani Bature mai jan wuya da wani tafinta ɗan Yelwa mai suna Bello. Kulu ta dube su ta yi tsaki ƙasa-ƙasa.

"An ce muna Nasara ya tafi. To wanga fa, mantuwa yay yi?"

Tun daga ranar sunan Baturen ya zama Jan Wuya.

Bello ya yi bayani cewa sun zo su ga yadda kowane gari yake rayuwa, don a san irin wurin da za a mai da shi. Dogo ya durƙusa cikin wata riga da ɓeraye suka gama da ita.

"Rai dai, ranka shi daɗe. Rai kaɗai muke riƙe da shi."

Aka kai su rumbun nan, Jan Wuya ya leƙa, ya ga 'yan zangarniyoyin gero a ƙasa. Ya nuna hanyar da aka toshe da ƙaya, aka ce tsafi ne, ya ja da baya cikin ladabi. Altine aka sa ta kawo kunun baƙi, wanda ake damawa tsululu har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Tana durƙushe da ƙwaryar, Jan Wuya ya juya yana yi wa Bello magana da Turanci. Ta ji ya ce mutanen nan, ta ji kifi, ta ji gero, ta kuma ji ya ce "kawai". A tsakiyarsu akwai wata kalma da ba ta taɓa ji ba, ya kuwa maimaita ta yana girgiza kai.

Dogo ya ce wa Bello, "Mi yac ce?"

"Ya ce yana tausaya muku."

"Maganatai ta fi wannan tsawo, Malam."

Bello ya yi murmushi ya ce haka Turanci yake, yawan kewaye gare shi.

Ƙarar injin ba ta gama ɓacewa ba aka taru a gindin ƙirya, aka sa Altine a tsakiya. Ta faɗi abin da ta gane. Da aka zo kan kalmar, ta furta ta yadda ta ji: sabsist.

Kulu ta ce wannan sunan gari ne, can za a kwashe su a zubar. Sallau, wani ɗan kokawa da ba a zama bai yi magana ba, ya ce shi ya rantse sunan sabon haraji ne, don ya lura duk kalmar da ta fara da irin wannan huci ba ta zuwa da alheri. Wani ya ce ai tafintan ya sani sarai, ɓoyewa ya yi, kowa ya ga yadda ya kau da ido.

Dogo ya dubi Altine. "Shekara da shekaru kina zaman benci, kalma guda ta gagare ki?"

"Ba a koya muna ita ba, Baba."

"To in kin koma ki tambayi malamin naku. Amma ki ji ni da kyau. Kada ki ce ga inda kinka ji ta. Shi ma albashin gwamnati shike ci."

Altine ta koma Yelwa da kalmar a bakinta. Tana maimaita ta a jirgi, tana maimaita ta wajen wanke kwanoni, don kada ta zube mata.

Malaminsu Yohanna mutumin wani ƙauye ne kusa da Warra, mai sanyin murya, wanda ba ya fara darasi sai ya ga kowa ya zauna daidai. Ta jira sai da aka tashi, yara suka watse, yana share allo. Ta ce ta ji wata kalma a rediyon wani mai tebur a kasuwa.

Malam Yohanna ya sa ta sake faɗa. Ya gyara mata furucin kaɗan, sannan ya ajiye tsumman ya zauna a bakin benci.

"Kalmar aikatau ce," in ji shi. "Ana faɗinta ga wanda yake da abin da zai riƙe numfashinsa kaɗai, babu rara. Ya ci yau, bai mutu ba, amma ba abin da ya rage da zai ajiye, ko ya sayar, ko ya yi kyauta. Yawanci sukan ambaci abin da mutumin yake rayuwa a kansa. Misali, mota ta lalace a daji, yaran mota suka yi kwanaki ba abin da suke ci sai ɗanyen rogo. To, za a ce suna sabsist a kan rogo. Har dabba ana faɗa mata. Akuyar da ke gaigayar ɓawon itace da bazara, ita ma haka."

"Zagi ne, Malam?"

"A'a. Amma ba kasafai mutum yake faɗinta a kan kansa ba. Na waje ne yake duban mutane ya faɗe ta." Sannan ya ƙara da cewa, "Akwai abu guda da ya kamata ki lura da shi. Mu in an tambaye mu, mukan ce ana dai lallaɓawa, ko da rumbu cike yake, saboda kunya da gudun baki. Wanda ya ji mu ya san abin da muke nufi. Shi mai wannan kalma in ya faɗe ta, nufinsa rumbun babu komai, kuma ya gaskata haka."

Altine ta ji daɗi a ranta. Ashe dai rufe tukunya ta yi aiki. Ta yi godiya za ta fita, sai ya kira ta.

"Altine, a rediyon, su wa aka ce suna haka?"

Ta ce ba ta ji ba.

"To. Ba sai kin faɗa mini ba. Amma bari in gaya miki abin da ƙanena ya kawo mini daga garinmu. Mu ma an je mana. Ya ce garuruwan da aka ga suna noman rani, masu lambu da albasa, an ce za a nema musu wuri a bakin sabon ruwan, don sana'arsu ba ta yiwuwa sai da shi. Waɗanda kuwa aka ga noman damina kaɗai suke yi don bakinsu, an ce ko'ina aka sa su daidai ne, tudu ma ya ishe su. Ban ce na tabbatar ba, ji na yi. Amma da a ce garinmu aka faɗa wa kalmar nan, da ban yi barci da daɗi ba."

Ta fita. A hanya ta tuna da maganar Baba Dogo. Mene ne ya sa Malam ya kawo zancen albasa alhali ba ta ambace ta ba? Wa ya gaya masa? Tun daga ranar ta riƙa lura da shi. Ta ga ya gaisa da Bello tafinta a bakin kasuwa, ta ce a ranta to ga shi nan. Washegari kuma ta ga Bello ya gaisa da mai gyaran keke da irin wannan fara'ar, sai ta rasa abin kamawa. Malam Yohanna bai sake tayar da maganar ba, bai tambaye ta komai game da garinsu ba. Wannan shirun nasa ya fi damunta. In tarko ne, ai da ya ja igiyar.

Da hutun bazara ta iske an fara cire albasa. Kowane gida rudunsa, wato ɗan dandamalin itace da ake shanya ta a kai a lulluɓe da ciyawa, ya fara cika. Tun ba ta ajiye ƙunshinta ba aka kira ta gindin ƙirya.

Ta faɗi ma'anar kalmar tiryan-tiryan, har da rogon da akuyar. Wuri ya kaure da shewa. Sallau ya tashi ya kwaikwayi Jan Wuya yana leƙa rumbu yana girgiza kai, har Kulu ta yi dariya ta ƙware.

"Akuya mai cin ɓawo!" in ji Dogo. "Madalla. Abin da muke so shi gani ke nan."

"Baba, da saura."

Ta faɗi maganar bakin ruwa da ta tudu. Dogo ya dube ta.

"Wa yag gaya miki wannan?"

"Malam."

"Shi kuma mi kinka gaya mishi?"

"Ban gaya mishi komai ba, Baba. Na ce a rediyo na ji."

"Ba ki gaya mishi ba, shina zaune sai albasa ta faɗo mishi a baki?" Dogo ya juya ga jama'a. "Kun gani ko? Sun leƙa ba su ga komai ba, shi ne sunka biyo ta kan yarinya. A ce muna in kun nuna dukiya za a ba ku bakin ruwa, mu buɗe da hannunmu. Wannan dabara ta girme ki, ɗiyata."

Sallau ya ce shi tun ranar da ta dawo da sabulu mai ƙamshi ya san an saye ta. Wata mata ta ce ko gaisuwarta ma ta sake. Kulu ta ce ita ba ta ce yarinya ta yi ƙarya ba, amma wanda ya daɗe a gidan mutane da kunnensu yake ji. Dogo ya rufe taron da cewa kada ya sake jin zancen a bakin kowa.

Da la'asar Altine ta zauna tana taya uwarta tsince albasa, ana ware mai rauni daga mai lafiya. Hajara ba mai yawan magana ba ce. Tun rasuwar mijinta ba ta da mai yi mata huɗa, gonar damina sai abin da dangi suka taimaka. Lambun nan shi ne abin da hannunta yake iyawa, da shi take sayen gishiri da zane, da shi take aika wa mai bandar kifi abin riƙon Altine.

"Malamin nan naku," in ji Hajara, idonta a kan albasa, "ya taɓa yi miki ƙarya?"

"Ban taɓa kama shi ba, Inna."

"Rashin kamawa daban."

Suka ci gaba da tsinta. Can Hajara ta ce, "A tudu mi ake ɗiba da ƙwarya?"

Altine ta ɗauko wata albasar.

"In gaskiya yaf faɗi, ni ce za ni zama akuyar taku. Masu maza su yi huɗa. Ni fa?" Hajara ta jefa wata ruɓaɓɓiya gefe. "In kuma ƙarya ce, na buɗe, a ɗora wa gari abin da ba shi iya ɗauka, da wane ido za ni dubi mutane? Ba ni iya tsallake maganar Yaya Dogo. Kada ki sake tambayata."

Altine ta lura cewa ita ba ta tambayi uwar tata komai ba.

Ana saura kwanaki kaɗan hutu ya ƙare, da hantsi, turmin Kulu ya sake kuka. A wannan lokacin na shekara rufe tukunya ta fi wuya, domin albasa ba ta ɓuya ga hanci. Aka yi ta jibga tsohon bunu a kan ruduna ana ɗaurewa kamar tarin ciyawar jinka, aka watsa kashin awaki da ƙayar kifi a wuta don hayaƙin ya danne warin. Hajara ta ɗora bunu a kan nata rudun, ta zagaya igiya, amma ba ta ƙulla ba.

"Inna, ba ki ɗaure ba."

"Hannuna ke ciwo," in ji Hajara, ta shige ɗaki ta ɗauro tsumma.

Jan Wuya ne da Bello. Bello ya ce wannan zagayen na ƙarshe ne, sun zo su tabbatar da abin da suka gani. Dogo ya durƙusa cikin rigar ɓeraye. Aka sake buɗe rumbun nan. Jan Wuya yana tari saboda hayaƙi, ya dubi yara masu toka a jiki, ya ce wa Bello abin da ya faɗa a zuwan farko.

Altine tana durƙushe da kunu. Ba ta tabbata Malam Yohanna ya faɗi gaskiya ba. Abin da ta tabbata da shi kawai shi ne igiyar da ba a ƙulla ba. Ta ajiye ƙwaryar, ta miƙe, ta haɗa jimlar da Turanci yadda aka koya musu korewa. Ta ce ba haka suke ba, ba sabsist suke yi ba. Ta ce suna da albasa, suna sayarwa.

Jan Wuya ya waiwayo kamar kaza ce ta yi magana. Dogo bai ji Turanci ba, amma ya ji kalmar.

"Ke! Mi kinka ce mishi?"

Altine ta riga ta nufi gidansu. Ta kama bunun ta ja, ya zame gaba ɗaya. Jar albasa ta bayyana, tsibi guda, tana ƙyalli a rana.

Ta zaci Jan Wuya zai yi murna. Sai ta ga ya tsuke fuska. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya yi wa Bello magana a hankali. Bello ya juyo.

"Ya ce mun sha ganin haka. Tun da labari ya bazu, akwai garuruwan da ke aro albasa a kasuwa su jibge, in mun wuce su mayar. Zuwanmu na farko ba ku da komai, yau ga wannan. Wanne ne ƙarya, na da ko na yanzu? Ya ce in a nan aka noma ta, a nuna masa inda aka noma."

"Babu wurin," in ji Dogo. "Yarinya ce, boko ya taɓa mata kai."

Altine ta tafi bakin hanyar da aka toshe, ta kama reshen ƙaya ta ja. Ƙaya ta soke ta a tafin hannu, ba ta saki ba. Mata suka yi salati, waɗansu suka kira sunan abin da suke bauta wa. Jan Wuya ya tsaya yana duban Dogo, yana duban yarinyar, sannan ya bi ta.

Lambun Hajara shi ne na farko a kan hanyar, kuma da yake ita kaɗai take aikinta, ba ta gama cira ba. Ga sauran albasa a ƙasa, ga ƙwaryar ban ruwa, ga sawun ƙafa a laka har bakin kogi. Lambunan sauran mutane suna gaba, bayan wata kwana da dogayen ciyayi suka rufe. Dogo ya yi sauri ya wuce gaba ya tsaya a tsakiyar hanyar, Sallau da waɗansu samari suka tsaya a bayansa.

"Ranka shi daɗe, na tuna," in ji Dogo. "Akwai wagga mata guda, mijinta ya mutu, ita ke wannan 'yar wahala. Iyakarta ke nan. Duk garin ba mai yi sai ita. In da wani abin biya, ita za a tambaya."

Bello ya fassara. Jan Wuya ya sunkuyo ya tambayi Altine da Turanci, a hankali don ta gane, ko akwai waɗansu lambunan a gaba.

Ta dubi Baba Dogo. Ta dubi samarin. Sai ta ji an kama wuyan hannunta an matse. Hajara ce, ta biyo su ba a lura ba. Ba ta dubi 'yarta ba, matsewa kawai take yi. Altine ta sunkuyar da kai. Jan Wuya ya jira, bai sami amsa ba, ya miƙe. Ya tambayi sunan matar da yawan mutanen gidanta, suka koma jirgi.

Daga ranar ba wanda ya sake shiga gidan Hajara neman wuta. In ta je mashigi ɗibar ruwa sai hira ta tsaya. Kowa yana jiran ranar da za a zo a ɗora mata abin da ta jawo wa kanta, Sallau har yana cewa za a ga yadda Turanci yake biyan haraji. Damina ta zo ta wuce, ba wanda ya zo.

Sai bayan kaka Bello ya dawo shi kaɗai da saƙo. An gina wa Gungun Ƙirya sabon gari a kan tudu, ta wajen hanyar Shanga, da gonakin damina wadatattu. Gidan Hajara kuwa an haɗa shi da masu albasa na waɗansu tsibirai, a wani sabon zango kusa da Warra, inda ruwa zai tsaya.

Dogo ya ce wannan ma wata dabara ce, so ake a ga ko za su yi ƙorafi su tona kansu. Amma bai iya zama ba. Ya ɗauki sanda ya tafi ya gano wurin da idonsa. Ya iske gidajen siminti a jere, ya iske rijiya mai zurfin da sai an ƙara igiya, ya nemi kogi ya hango shi can nesa kamar zare. Ya dawo ya yi kwanaki bai fita gindin ƙirya ba.

Wata safiya Altine tana shara a gidan mai bandar kifi a Yelwa, sai ga Baba Dogo a ƙofa, cikin rigarsa ta kirki wadda ba ta taɓa ganin ya sa a gaban baƙo ba. Sallau yana bayansa da buhun albasa a ka.

"Ɗiyata," in ji shi, "zo ki raka ni wurin mutanen nan. Ki faɗa musu abin da kinka faɗa rannan. Ki ce duk garin ne."

Suka tafi inda ma'aikatan tashin garuruwa suke zama. Layi ne dogo, dattawa daga tsibirai daban-daban, da yawansu da buhu a gefe. Da aka zo kansu, suka tarar Jan Wuya ya bar ƙasar, wani ne a kujerar. Altine ta tsaya ta faɗi jimlarta, ta ƙara da cewa kowane gida yana da lambu. Dogo ya kwance bakin buhun da kansa.

Mutumin ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba. Sannan ya yi magana, Bello ya mayar da Hausa.

"Ya ce an je garinku har sau biyu, maigari da bakinsa ya ce mace ɗaya ce mai lambu. Ya ce albasa kuwa ga ta can tuli a kasuwa, kowa yana iya cika buhu. Gidaje an gama su, filin bakin ruwa an raba. Ya ce ku yi haƙuri."

"Gaya mishi ni ne maigarin," in ji Dogo. "Gaya mishi wancan karon tsoro ne."

Bello bai fassara ba. Ya ce, "Maigari, ka ga layin nan? Kowa abin da ya zo faɗa ke nan. Waɗansu gaskiya, waɗansu a'a. Ta ina zai bambance?"

Suka fito. Sallau ya tambaya ko a kai buhun kasuwa. Dogo ya tsaya a bakin hanya yana duban kogi, sannan ya ce wa Altine ta koma kada ta makara makaranta, ya kuma ce in ta ga malamin ta gaishe shi.

Altine ta kama hanya ita kaɗai. A ranar ta gane cewa baƙon bai yi musu ƙarya ba, kuma bai zo da niyyar cutarsu ba. Abin da suka nuna masa shi ya gani, kuma a kan abin da ya gani aka yanke inda za su zauna.